Ranar da Baba Bai Kaɗa Ƙararrawa Ba

Ledar nan da ake mannawa a fuskar rediyon sabuwar mota har yanzu tana nan a motar Injiniya. Gefenta ɗaya ya ɗago, ya ɗan naɗe kamar kunnen tsohon littafi. Motar ta kwana biyu a hannunsa, amma da gani ka san ba a taɓa kunna rediyon ba. Ina zaune a gefensa, jakata a kan cinya, yatsana sai ƙaiƙayi yake in kama ledar in ɓare. Ban taɓa ba. Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san halina, idona ba ya barin komai ya wuce, bakina ne dai sai an yi masa haƙuri.

Waɗanda suka shigo yau kuma, sannunku da zuwa. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Na gama jami'a, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Injiniya shi ne mai nemana da aure, ɗan ƙawar Gwaggona ne. Tun kafin in yi nisa bari in wanke shi a wurinku: ba ya ƙarya, ba ya makara, bai taɓa ɗaga min murya ba. Da mugu ne, da labarin nan ya zo min da sauƙi.

Ranar ya biyo wurin aikina da Gwaggo a kujerar baya, ta sha mayafinta mai duwatsu wanda ba ta fito da shi sai da dalili, turarenta ya cika motar. Za a kai ni in ga gidan da ya gama ginawa.

Gida ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ko tari ka yi a falo sai bango ya maido maka. Gwaggo tana buɗe kowace ƙofa tana cewa masha Allah, har ƙofar sito ba ta bari ba. Ni kuwa ina bin su a baya, takalmina a hannu, ina tsoron in bar sawu a kan tayil.

Ya tsaya a bakin wani ɗaki a ƙasa, ya gyara tabaransa.

"Wannan na Baba ne da Umma," ya ce. "Na sa an faɗaɗa ƙofar. Na auna kujerarsa mai taya ranar da na zo gaishe shi, za ta wuce ba tare da ta gogi bango ba."

Na leƙa. Banɗaki a ciki, da ƙarfen riƙewa a jikin bango, ƙasan ba santsi. Taga babba, tana kallon katanga doguwa fara tas.

"Kin ga a nan zai huta, Malama. Ba hayaniya. Ko kukan kaza ba za ki ji ba."

Gwaggo ta dafa ƙirji. "Kin ji ɗan albarka. Ke ba za ki ce komai ba?"

"An gode," na ce, murya can ƙasa.

Da gaske na gode. Mutumin da ya durƙusa ya auna kujerar mahaifinki ba tare da kowa ya sa shi ba, ai ba abin rainawa ba ne. Amma ina kallon katangar nan jikina ya yi sanyi, kuma a lokacin ban san yadda zan faɗi dalili ba.

Sai na kai ku gidanmu za ku gane.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu da aka sha yin rigima a kansu. Baba ma'aikacin gidan waya ne har ya yi ritaya, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke yana kai wa mutane saƙo. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya mutu, ƙafar ma haka, magana kuma sai ya yi ta kokawa da harshe kafin kalma ɗaya ta fito a karkace.

Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya juya fuska bango. Abinci sai an yi lallashi. 'Yan dubiya suna shigowa da fuska a jiƙe, su ce sannu, su yi shiru, su ba da labarin wani da irin ciwon ya kashe, su tafi. Ɗakin ya koma kamar ana zaman makoki alhali mai shi yana numfashi. Ni kaina idan na taso daga aiki sai in yi ta jan ƙafa a hanya, ba na son isowa.

Wata rana da yamma Tela, maƙwabcinmu mai ɗinki a ɗakin bakin ƙofa, ya faɗo ɗakin ba sallamar kirki, ƙwai a tafin hannunsa. Bayansa maƙwabciyarmu Maman Biyu ce, ɗankwali a hannu, tana haki. Su biyun sun fi shekara ba sa ga-maciji saboda igiyar shanya.

"Baba, kai ne babba, raba mu," in ji Tela. "Kazarta ta shigo shagona ta yi ƙwai a kwandon ƙyallayena. Kwandon nawa, ƙyallen nawa, inuwar tawa. Ƙwan na wa?"

"Kai ka yi naƙudar?" Maman Biyu ta tambaye shi.

Sai muka ji wani sauti daga kan gado, kamar tari, kamar shaƙewa. Umma ta zabura da kofin ruwa. Ashe dariya Baba yake, da rabin baki, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ranar ya ci abinci har ya nuna a ƙara.

Daga nan abin ya samo asali. Tela ya kwance ƙararrawar tsohon keken Baba ya ɗaura a hannun kujerarsa na hagu. Kullum bayan la'asar sai a turo Baba tsakar gida, Umma ta ɗora shayi, duk wanda ya dawo daga nema ya ja tabarma ko bokiti ya kifa ya zauna. Doka ɗaya ce: kowa ya kawo abu guda da ya faranta masa rai a ranar, komai ƙanƙantarsa. Ba maganar tsadar kaya, ba ciwo, ba gulma. Idan ya yi wa Baba, sai ya kaɗa ƙararrawa. Idan bai kaɗa ba, kai za ka wanke kofunan shayi.

Kamar wasa, ko? Amma ni da nake auna jinin mutane kullum, na ga abin da ba ya fitowa a takardar gwaji. Baba ya fara neman a yi masa aski. Ya fara yarda da motsa jikin da mai gashin ƙashi ke sa shi, don kawai a fito da shi da wuri. Maman Biyu ta koma ita ke kwashe wa Tela shanyarsa idan hadari ya taso, tana kwashewa tana zaginsa. Direba, shi ma ɗan haya a gidan, wanda a da ko gaisuwa sai ya ga dama, yanzu shi ke ɗaga Baba daga gado zuwa kujera kafin ya fita da safe. Ni kuma na kama kaina ina yini ina farautar abin da zan kawo. Tsohuwar da ta rufe ido ta ce in gaya mata idan zan soka allura, alhali na riga na gama. Yarinyar da ta ba ni alewar da aka ba ta don ta yi shiru. Da can abubuwan nan suna faruwa, ban dai tsaya na ɗauka ba.

To wannan wurin ne ake son a ɗauke Baba daga cikinsa a kai shi gaban farar katanga.

Da muka dawo daga ganin gida, Gwaggo ta ja ni ɗakin Umma ta turo ƙofa. Umma tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a bayanta, ta ɗaga rigar da hannu ɗaya.

"Mai sunan Inna," Gwaggo ta fara, don sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa min, ba ta iya kama shi, "Kawunki da aka kai wa maganar auren yana jiran amsa ƙarshen makon nan. Yaron nan ya yi haƙuri. Wata nawa yana zarya? Kullum ke ce 'ina tunani'. Tunanin nan littafi za ki rubuta da shi?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da zaren gefen mayafina.

"Ga gida, ga hankali, ga shi zai ɗauke miki iyaye ya riƙe. Wa ke yin haka a zamanin nan?"

"An gaya wa Baba maganar tashin?" na tambaya.

Suka kalli juna.

"Yaya ba shi da lafiya, ba a ɗora masa tunani," Gwaggo ta ce. "Idan komai ya kankama sai a gaya masa."

Umma ta rufe kwalbar man a hankali. Ita ba mai yawan magana ba ce, a wurinta na gado.

"Ke," ta ce, haka take kirana, "ba zan yi miki dole ba. Amma kin ga matakalar banɗakin nan. Sau nawa muka kusa faɗuwa ni da shi? Bayana ya gaji. Ina son in kwanta ba tare da ina lissafin yadda zan ɗaga shi gobe ba."

Wannan ta fi duk surutun Gwaggo nauyi. Masu karatu, kada ku ga laifin Ummata. Ku da kuke jinya kun san abin da take nufi. Idan na ce e, bayan Umma ya huta, Baba ya rasa tsakar gidansa. Idan na ce a'a, ni ce na zaɓa wa uwata ciwon baya. Amsa ɗaya ake nema a bakina, amma mutum uku take ɗauke da su.

Washegari wani abu ya faru a zaman yamma. Umma ta miƙa wa Baba kofi ta hagu kamar kullum, sai ya ƙi karɓa. Ya zuba wa hannun damansa ido kamar yana yi masa faɗa. Yatsun suka motsa, suka buɗe, suka kama kunnen kofin. Shayin ya ɗan zube a kan rigarsa, amma ya kai baki. Direba ya miƙe tsaye yana tafi. Maman Biyu ta rufe fuska da ɗankwali. Tela ya kai hannu ya kaɗa wa Baba ƙararrawarsa da kansa, ya ce yau alƙali ne ya ci gasa.

Na shige ɗaki, na rubuta wa Injiniya:

"Baba ya riƙe kofi da hannun dama. Da kansa. Ya sha."

Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu. Na zauna a bakin katifa, zuciyata na bugawa kamar wadda ta aika wasiƙar soyayya.

"Madalla. A kula dai da zafin shayin kada ya ƙone. Kin ci abinci?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Ba laifi a cikinsa, ko ɗaya. Amma ji na yi kamar na rugo da gudu da abu mai zafi a hannu zan miƙa masa, ya nuna min tebur ya ce in ajiye a can.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na sake rubutawa:

"Kai me ya faranta maka rai yau?"

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya. Tambaya ce kawai."

Sai ga kiransa ya shigo. Na gyara zama kamar yana ganina.

"Malama, tambayarki ta ɗaure min kai," ya ce. "Na duba ranar tun daga safe. An zuba kankare, bai tsage ba. Ban sani ba ko wannan yana cikin lissafi."

"Yana ciki. Ka ji daɗi?"

"Na ji sauƙi." Sai ya ƙara da cewa, "Mu a gidanmu ba a saba ba. Idan na kawo sakamako na zo na biyu, mahaifina zai ce wa ya zo na ɗaya. Da na zo na ɗaya kuma sai ya ce to a riƙe. Idan abu mai kyau ya same ka, ka yi shiru ka ci gaba. Haka na tashi."

Tun da muke bai taɓa gaya min abin da ya kai wannan tsawo game da kansa ba. Wani abu ya motsa a ƙirjina, tausayi ne ko wani abu daban, ban tantance ba.

"Ka zo gidanmu ranar Asabar bayan la'asar," na ce da sauri kafin kunya ta kamo ni. "Ba ɗakin baƙi ba, tsakar gida. Kowa yana kawo abu ɗaya da ya faranta masa rai. Kai ma ka zo da naka."

"Abu ɗaya," ya maimaita, kamar mai rubutawa. "To. Zan shirya."

Da na san irin shirin da zai yi, da na ƙara bayani.

Ranar Asabar na canza kaya har sau ba adadi. Daga ƙarshe na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, da farin mayafi, na shafa kwalli kaɗan na goge rabinsa. Gwaggo ta zo tun da rana, wai ta zo duba Yaya, amma mayafin duwatsun ya tona mata asiri.

Ya iso a kan lokaci, cikin farar riga mai dogon hannu da aka goge har tana ɗaukar ido, da katan ɗin lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Baba. Maman Biyu ta goge masa kujerar roba da gefen zaninta. Ya zauna a bakin kujerar, gwiwoyi a haɗe, makullin mota a tafin hannu, kamar mai jiran a kira shi ganin likita. Ni ina can gefen Umma a kan tabarma, ina zuba shayi don in sami abin yi da hannuna.

Direba ne ya fara. Ya miƙe ya juya a gabanmu yana nuna wandonsa.

"Kun ga wandon da Tela ya ɗinka min? Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na zo zan yi masa rashin mutunci, ya ce in tsaya ya auna ni. Jama'a, ashe ƙafata ce ɗaya ta fi ɗaya. Shekara da shekaru ina zagin teloli a banza."

"Ni ne na farko da ya ɗinka maka gaskiya," in ji Tela, yana kurɓar shayi.

Ƙararrawa ta yi ƙara. Aka yi dariya. Na saci kallon Injiniya. Yana kallon ƙafafun Direba da gaske, ina jin aunawa yake a ransa.

Maman Biyu ta ce 'yan biyunta sun yi barcin rana a lokaci ɗaya, har ta samu ta yi wanka ba wanda ya buga mata ƙofa. Aka kaɗa mata. Tela ya ce ya zura zare a allura ba tabarau. Baba ya harare shi, ya ƙi taɓa ƙararrawa.

"Wallahi na zura, Baba."

"Allurar ɗinkin buhu ce," Maman Biyu ta ce. "Na gan shi. Kofuna na jiranka."

Sai layi ya zo kan baƙo. Tsakar gidan ta yi tsit, irin shirun da ake yi wa wanda ake son ya ci. Injiniya ya gyara tabarau, ya miƙe tsaye, abin da ba wanda ya sa shi. Fuskarsa da wani haske da ban taɓa gani ba. Ya yi shiri da gaske.

"Abin da ya faranta min rai," ya ce, yana fuskantar Baba, "shi ne jiya aka gama ɗakin da na gina maka. In Allah ya yarda, idan an yi biki, kai da Umma za ku koma can. Akwai banɗaki a ciki. Kuma za ka huta da hayaniyar nan, ba mai damunka. Shiru ne wurin, daga safe har dare."

Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, ni shaida ce. Kyauta mafi girma da yake da ita ya ɗauko ya ajiye a gaban mutanen da ya kira hayaniya, bai kuma san ya kira su ba.

"Masha Allah," Gwaggo ta ce ita kaɗai. Muryarta ta faɗi a tsakar gidan ba wanda ya ɗauka.

Tela ya ajiye kofinsa a ƙasa. Direba ya sunkuya yana gyara ƙafar wandonsa. Umma ta ƙura wa butar shayi ido. Kowa yana jiran hannun hagun Baba.

Hannun yana kan ƙararrawar. Sai ya zame a hankali ya koma kan cinyarsa.

Injiniya ya ci gaba da tsayuwa, yana kallon Baba, yana kallona. Hasken fuskarsa ya fara dusashewa. Na so ƙasa ta buɗe in shige, rabi don kaina, rabi dominsa.

Baba ya juyo da kai wurina. Ya yi kokawa da harshensa.

"U... wata."

Haka yake kirana. Layina ne. Na zo da labarin wani tsoho da ya yi min addu'a a wurin aiki, na shirya shi tsaf tun safe, amma na neme shi na rasa. Kowa ya zuba min ido, ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Gwaggo tana yi min alama da gira.

"Ni abin da ya faranta min rai," na ce, "yau da safe ina ɗaki ina shiri, na ji Baba ta taga yana yi wa Tela faɗa a kan ya bar famfo a buɗe. Ban gane kalmomin duka ba, amma faɗa ne sosai." Na dubi Baba. "Bara war haka ko sunana ba ya kira. Ina son in ci gaba da jin faɗan nan. Duk inda zan je, ba na son a raba shi da wanda zai yi wa."

Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mutane ba. Na san kuma amsar da Kawu yake jira ce na bayar, a gaban kowa, ba yadda aka so ba. Ban iya kallon Umma ba.

Baba ya kaɗa. Sau ɗaya, a hankali.

Gwaggo ta ja numfashi za ta yi magana, Maman Biyu ta riga ta. Ita ba ta iya ganin baƙo a tsaye cikin kunya.

"Zauna, Injiniya, shayinka zai huce. Ni tambaya gare ni. Gidan nan ɗaki nawa ne? Don in Baba zai tashi, ƙafata ƙafarsa. Ni da 'yan biyu da kaji."

"Ni garejin ya ishe ni," Direba ya ce. "Dama a mota nake kwana rabin wata."

"Banɗakin dai nake so a yi maganarsa," Umma ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Shi ne ya tsaya min a rai."

"Wannan matakalar?" Direba ya waiwaya ya dube ta. "Umma, ai da kin yi magana. A fasa ta a yi gangara, aikin yini ɗaya ne. Ga ma injiniya Allah ya kawo mana har gida."

"Ku tsaya a gama rabon ɗakuna tukuna," in ji Tela. "Ni falon zan ɗauka, in sa keken ɗinkina a tsakiya, kusa da ɗakin Baba, don ya riƙa jin motsina."

Baba ya ɗaga hannun hagu. Aka yi shiru. Ya tattara bakinsa, ya kalli Injiniya ido cikin ido, ya ce, tar, ba ko gargada, kalmomi mafi fita da ya yi tun da ya kwanta:

"Ban da Tela."

Tsakar gidan ta fashe. Direba ya faɗo daga kan bokitinsa. Tela ya ɗora hannu biyu a ka yana cewa a shaida, bayan duk hidimar da ya yi. Gwaggo ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska ta kasa, duwatsun mayafinta sai rawa suke. Umma, Ummata mai ciwon baya, ta kifa kai a kafaɗata tana dariya har tana tari. Ni kuwa wata irin dariya ce ta ƙwace min, mai ƙara, mai fita ta hanci, mayafina ya zame ban ma sani ba, hawaye ya wanke sauran kwallin.

Ina share ido na hango shi.

Ya koma ya zauna a bakin kujerar roba, shayinsa a ƙasa bai taɓa ba. Ba Tela yake kallo ba, ba Baba ba. Ni yake kallo. Babu fushi a fuskarsa. Kallo ne irin na mutumin da ya daɗe yana wucewa ta gaban wani gida, yau aka buɗe taga ya ga cikinsa. Sai a lokacin na tuna, duk watannin da ya yi yana zuwa wurina, murmushin ladabi kawai ya sani. Bai taɓa jin dariyata ba.

Gefen bakinsa ya ɗan motsa, kamar zai shigo cikinmu. Na matsa a kan tabarmar, na bar wuri, ban san ko ya lura ba.

Ya dubi matakalar banɗakin, ya daɗe yana dubanta. Ya dubi Baba, wanda ke ta nuna Tela da yatsa yana dariyarsa ta rabin baki. Sannan ya sunkuya ya matsar da kofin shayin gefe don kada wani ya yi tuntuɓe da shi, ya miƙe, ya ɗan rusuna wa Baba duk da Baba ba ya kallonsa. Ya bi ta bayan igiyar shanya, ya sunkuyar da kai ya wuce ƙarƙashin zanen gadon Maman Biyu.

Ni da Gwaggo kaɗai muka ga fitarsa. Ta kama hannuna ta matse, ban san ko cewa take in bi shi ko in zauna ba. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, bayansa gare mu, dariyar tana ta tashi a tsakar gida. Sai ya ja ƙofar a hankali, yadda ko ƙara ba ta yi ba.